Ƙwan Ungulu a Maɗacin Karshi

Duk wanda ya zauna a Kubwa a shekarun da soja suka koma bariki, in ka ce masa Hajjo 'yar Malam Bello Direba, sai ya ɗan yi tunani. Amma ka ce Hajjo Mai Ungulu, nan take zai kwashe da dariya ya ce, "Af! Ita? Ai da ka faɗa tun ɗazu." Ita sunan bai taɓa ɓata mata rai ba. Mahaifinta ne in ya ji an faɗa a majalisa yake karkaɗe rigarsa ya tashi.

Malam Bello mutumin Malumfashi ne, direban ma'aikata, yana cikin waɗanda aka kwaso daga Legas tare da kujeru da fayil-fayil lokacin da gwamnati ta tare a Abuja. Aikinsa ya ɗauko Oga, ya sauke Oga, ya jira Oga. Ya jira a ƙofar otal, ya jira a gindin bishiya a bakin filin taro yana jin tafi daga nesa, in an tashi a miƙo masa shinkafa a leda. Bai taɓa raina sana'arsa ba, amma ya ɗaukar wa kansa alkawari cewa 'yarsa ta fari ba za ta tsaya a waje ba. Sunan mahaifiyarsa Hajara ya sa mata, don haka bakinsa ba ya iya kiran sunan, sai dai ya ce "Uwata". To, Uwata ciki za ta zauna, a kujerar gaba. Likita yake so ta zama.

Makin likitanci bai kai ba. Jami'a ta ba ta ilimin dabbobi, Malam Bello ya lallashi kansa ya ce ai likitan dabbobi ma likita ne, ita kuwa ta bar shi a haka, don ba ta ga amfanin tayar da zaune tsaye ba. Sai da ta gama, ta yi bautar ƙasa, ta ce za ta tafi Jos ta ƙara digiri na biyu, sannan asiri ya tonu. Yana wanke mota a ƙofar gida ta same shi da maganar.

"To wai wannan karatun me ake koya muku a cikinsa?"

"Baba, ilimin kare halittu ne. Yadda za a hana tsuntsaye da dabbobi da itatuwa ƙarewa daga doron ƙasa."

"Ikon Allah. Wanda ya halicce su ne ya ba ku gadinsu?"

"Ai ya ba mu, Baba. Amana ce."

Nan ta kama shi. Ya matse tsumma ya ce, "To ke wacce za ki yi gadi? Zaki ko giwa?"

"Ungulu."

Ranar motar Oga ta sha wanki biyu, don Malam Bello bai san ya gama na farko ba.

Kada ka ce neman suna ne ya kai ta. Tana ƙarama, in mahaifiyarta ta aike ta kwatar Kubwa sayen nama, ungulaye ne cike da rufin kwano, wasu a ƙasa suna tafiya cikin mutane kamar kajin gida, mahauta na korarsu da ƙafa suna zaginsu zagin sabo. Wani hutu ta dawo daga jami'a ta je kwatar, ta ɗaga kai, rufi fayau. Ta tambayi mahaucin da take saye a wurinsa ina ungulaye, shi ma ya ɗaga kai, ya ce, "Kai, haka ne fa! Ina suka shiga?" Abin da ya tsaya mata a rai ke nan. Tsuntsuwar da take kwashe mushe da ƙazanta kyauta tun zamanin kakanni ta ɓace daga gari, kuma ko cigiya ba a yi ba.

In Hajjo tana ba da labarin Jos har yau, muryarta canzawa take yi. Wata tsohuwar bas ce take kwasarsu bayan asuba, sai an tura ta take tashi, su nufi daji da gari da ƙuli-ƙuli a jaka. A can aka koya mata zama shiru, ita da a gidansu ake ce mata rediyo. Aka koya mata kafa raga ta kama tsuntsu ba ta karya masa fiffike ba, ta auna shi, ta sa masa zobe a ƙafa, ta buɗe hannu ya tashi. Ta ce duk duniya ba ta san abin da ya kai wannan buɗe hannun daɗi ba. Kaska ta cije su, ruwa ya ba su kashi, wata rana kudan zuma ya tarwatsa aji guda har da malamin. Akwai ɗan ajinsu Meshach, mutumin Pankshin, wanda yake kwaikwayon kukan kowane tsuntsu har tsuntsun ya amsa. Shi ya fara ce mata Mai Ungulu, kuma da ya gaza kwaikwayon kukan tsuntsuwarta sai ya ce ai ungulu ba ta da abin faɗa, kunyar sanƙonta take ji.

Da aka gama kowa ya kama gabansa. Lokacin kuɗi ya shigo ƙasa, wayar hannu ta zo, bankuna sun tsiro a kowane lungu, rabin ajin suka sa kwat suka shige banki, tsuntsu kuwa sai dai a faranti. Wani ya kama rubuta wa kamfanonin gine-gine rahoton abin da titinsu zai lalata kafin su lalata shi, bai shekara biyu ba ya sayi jif. Meshach ya tafi gandun daji can iyakar Kamaru ya zama jami'in tsaron namun daji, shi da babur da takalmin roba, in yana son waya sai ya hau dutse. Hajjo ta samu aiki a Abuja, a wata hukuma mai kula da namun daji, ofis a bene mai sanyin na'ura, tagarsa na kallon bangon wani benen. Malam Bello ya ɗan saki rai, don ko ba komai ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce. In an tambaye shi aikinta sai ya ce, "Harkar muhalli," ya kawo wata maganar.

Abuja ta wancan lokacin, wayyo! Ka kwana biyu ba ka bi hanya ba, ka tarar da bene inda ka san gonar dawa. Katafila ba ta hutawa. Ɗorawa da kaɗanyar da Gbagyi suka bari a gonakinsu tun kaka da kakanni, safiya ɗaya ake tuge su, a kawo wasu siraran itatuwa na ado a jera a bakin titi. Kowa na cewa gari ya ci gaba, kuma wallahi ya ci gaba, ba mai musu. Hajjo dai kowace Asabar sai ta rataya madubin hangen nesa ta shiga mota ta bi kwata-kwata, Dei-Dei, Karu, Gwagwalada, tana tambaya. Amsa ɗaya ce. Masu haɗa magani suna sayen kan ungulu da ƙafarta da ƙwanta da tsada, har ana zuba guba a mushe a kwashe su gaba ɗaya. Inda ba a kashe su ba an sare itatuwan da suke sheƙa.

A Karshi Allah ya cida ta. Bayan kasuwa, inda ake yanka, akwai wani tsohon maɗaci da mutum uku ba za su rungume shi ba. Tana isa ta ga ungulu biyu a ƙasa suna jan hanji, wani dattijo mai wuƙa a kugu yana tsaye a kansu kamar mai kiwo. Shi ne Manniru, Sarkin Pawan wurin. Da ta ce ungulun take nema sai ya haɗe rai.

"Hajiya, in saye kika zo yi, kama hanya tun muna mu biyu. Wanda ya zo kafin ke da gudu ya bar nan."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita kallo kawai take so. Sai da ya ga katin aikinta, ya ga yadda take kallonsu baki buɗe, sannan ya sa aka kawo mata benci. Ya ce tun mahaifinsa, in an yi yankan farko ana jefa musu rabonsu a gindin maɗaci, shi ma bai fasa ba. Da suna da yawa har ba a ganin ganyen bishiyar, yanzu saura waɗannan biyun, Tsoho da Tsohuwa yake ce musu. Ya nuna mata can sama, inda manyan rassa suka rabu, wani tarin ƙirare da tsummokara. Sheƙarsu ke nan. Hajjo ta tsokane shi ta ce ai ita ta san gidan ungulu tsamiya ne. Ya ce, "Waɗannan 'yan Abuja ne, sun yi canjin unguwa."

Daga ranar Karshi ta zama gidanta na biyu. Ta san Tsohuwa da wani ɗan yatsa da ya karkace, ta san fuskar Tsoho takan yi ja in ya ga nama. Ta kuma san abin da yake hana ta barci. Ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, mace da namiji su yi ta karɓa-karɓar kwanci kusan wata biyu. In ƙwan ya lalace, shekara ta tafi. A duk yawon da Hajjo ta yi a yankin Abuja, wannan ce sheƙa ɗaya da ta rage da rai a cikinta. Ga shi kuma an fara auna filin bayan kasuwa za a yi shaguna, igiyar masu awo ta bi ta gindin maɗacin. In ba hukuma ce ta sa hannu ta ce bishiyar nan ta zama abin karewa ba, katafila za ta yi karin kumallo da ita.

Ta kai maganar ga daraktanta, Oga Nicholas, mutumin Kafanchan, mai kirki da son raha, wanda Hausarsa ba ta san mace ba ta san namiji ba.

"Hajjo, kana so in shiga wurin Shugaban hukuma in ce masa ungulu? Za su yi mini dariya fa. Ka kawo mini giwa mana, ko ɗan biri."

"Oga, giwa tana da masu yi mata kuka har a Turai. Wannan ba ta da kowa sai ni da Sarkin Pawa."

Ta bi fayil ɗin nan daga tebur zuwa tebur har masinjoji suka haddace takunta. Ya ɓata, ta sake wani. Aka ce ta dawo gobe, ta dawo goben, ta dawo jibi. Ta yi aure a tsakani, har mijin ya ce shi da ya sani da maɗacin Karshi ya kai wa sadaki. A ƙarshe dai, cikin sanyin wata shekara, Shugaban hukuma ya sa hannu. A makon ne kuma ta ga Tsohuwa ta lafe a sheƙa ba ta sauka, Tsoho na kawo ɗanyen ganye. An yi ƙwai.

To, amma ka san Abuja. Ba a yin abu a yi shiru. Ko famfo aka gyara sai an kafa rumfa, an buga huluna, an yanka ƙyalle. Oga Nicholas ya kira ta ya ce Shugaba da kansa zai je Karshi ya ƙaddamar da bishiyar, da 'yan jarida da komai.

"Oga, a bari sai damina. Kwanci suke yi. In aka firgita su suka bar ƙwan, mun yi aikin banza."

"Shugaba ya ba da rana, Hajjo. In ka ce a ɗaga, wallahi sai fayil ya koma ƙasan tebur, masu shago su riga mu." Ya dube ta ta saman tabarau ya ƙara da cewa, "Kuma ka kawo babanka. Kujerar gaba zan sa shi, kusa da hakimi. Za a kira sunanka a lasifika yana ji."

Nan ya same ta. Gaskiya ɗaya ce, tsoron masu shago ya sa ta yarda, amma kujerar gaban nan ita ta hana ta ƙara gardama. Shekara nawa mutumin nan yana tsaye a gindin bishiya yana jin tafin wasu?

Sai ta shiga tsare-tsare, kuma Allah ya sani ta yi iya yinta. Ta sa aka kai rumfuna can filin makarantar firamare, nesa da maɗacin. Ta hana makaɗa, ta hana jiniya, ta roƙi mafarauta kada su buga bindigar tarbar baƙi. Ta ce Shugaba da mutum kaɗan ne za su tako a ƙafa, ya yaye ƙyallen da aka rufe allon sanarwa da shi, ya leƙa sheƙa da madubi, su juya. Har turare ta so ta hana, Oga Nicholas ya ce ta ji tsoron Allah. Ana gobe biki ta tafi Durumi karɓo huluna da rigunan da aka buga, mai bugawa ya shanya ta har la'asar. Manniru kuma ya tafi kara, kasuwar shanu, sayen san da za a yanka wa baƙi.

Abu ɗaya ne bai zo mata a rai ba, don abu ne da ba a faɗa. A garin nan, in babban mutum zai zo wuri, ana gyara wuri. Ba wanda yake ba da umarni, kamar yadda ba a ce wa mai zuwa masallaci ya yi alwala. A share ƙasa, a jera duwatsu a shafa musu farar ƙasa, a shafe gindin kowace bishiya da fari har ƙirjin mutum, a sassabe rassan da suka yi ba daidai ba. Ɗan kwangilar da aka ba rumfuna da kujeru ya turo ma'aikatansa, su kuwa suka tambaya ina Oga zai tsaya, aka nuna musu maɗaci.

Da sassafe ta iso, tun daga bakin kasuwa ta hango farin. Ta bar motar a buɗe ta taho da sauri. Gindin maɗaci fari tas, ƙasa a share ko tsinke babu, duwatsu a jere gwanin kyau, ga wani dogon tsani a kwance a gefe. Ta ɗaga kai. Inda rassa suka rabu babu komai sai sarari.

Shugaban ma'aikatan, wani mai suna Nuraddeen, ya taho yana murmushi yana goge hannu a wando, yana jiran yabo.

"Madam, kin ga aiki ko? Har wannan dattin na sama mun sauke. Tsuntsaye ne suke kashi daga can, na ce haba, ya za a yi Oga yana tsaye abu ya faɗo masa a hula? Sai da muka yi fama da su ma, ɗayar ta ƙi tashi sai da aka sa gora."

Ta tambaye shi inda suka zuba, ya nuna bola a bayan mayanka. Can ta tarar da ƙiraren, da tsummokaran, da ganyen da Tsoho ya yi ta kawowa, bai ma gama bushewa ba. Ta sa hannu ta tona. Ƙwan yana ciki, a fashe, ɗan da ke cikinsa har ya yi baki da ƙafafu. Saura ƙiris. Hajjo ta durƙusa a kan bolar nan da sabon leshinta ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta.

Manniru ya iso yana jan sa, ya ga abin da ya faru, ya saki igiya. Zagin da ya yi ba zai maimaitu ba. Sai da Hajjo ta shiga tsakani, don hannunsa ya kai kugu. Shi kuwa Nuraddeen, da ya gane, sai ya ɗora hannu a ka.

"Wallahi tallahi, Madam, ba wanda ya faɗa mana. Allon a rufe yake. Mun ɗauka bikin dashen itatuwa ne irin na kullum."

To wa za ka kama? Mutumin ya yi aikin da ake yabonsa a kai tun da ya zo Abuja. Garin neman gira aka rasa ido, kuma da hannun masoya aka rasa shi.

Biki kuwa ba a fasa ba, wa ya isa? Hajjo ta wanke fuska ta gyara ɗauri. Motoci suka iso a jere, aka yi addu'a ta Musulunci da ta Kirista, aka yi jawabai. Malam Bello yana kujerar gaba kusa da hakimi, cikin farar shaddar da ya ajiye tun bikinta, ta sha guga har tana ƙara. Da mai gabatarwa ya kira sunan Hajara Bello, ya ce ita ce ta tsaya tsayin daka har aka kai ga wannan rana, fili ya ɗauki tafi. Malam Bello bai tafa ba, 'yar fari ce, da kunya. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, amma wanda ke kusa ya ga yadda gemunsa ke rawa.

Aka taka zuwa maɗaci. Shugaba ya yaye ƙyalle, ga hoton ungulu an zana ta da kyau har ta fi ta gaske. Ya karɓi madubi ya ɗaga kai ya duba, ya duba, ya ce ina tsuntsayen? Oga Nicholas, wanda Hajjo ta riga ta faɗa wa, ya ce, "Sun tafi kiwo, ranka ya daɗe." Aka yi dariya, aka tafa, aka ɗauki hoto, aka koma cin nama.

Da taro ya watse, Hajjo tana tsaye ita kaɗai, sai ta ji takun mahaifinta.

"Uwata, ba ni madubin nan in ga mutanen naki."

Tun da ta fara karatun nan bai taɓa neman ganinsu ba sai yau. Ta miƙa masa, ta gyara masa shi a ido. Ya daɗe yana kallon sama. Ya sauke, ya dubi farar ƙasar da ke gindin bishiyar, ya dubi tsanin, ya dubi idanunta. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gindin itatuwa masu farin gindi ba sai an yi masa bayani ba. Ya ce, "Innalillahi." Can kuma ya ce, "Kawo makulli. Yau ni zan tuƙa ki."

Tsoho da Tsohuwa sun yi 'yan kwanaki suna shawagi can ƙololuwa, ba sa sauka. Manniru ya yi ta jefa rabonsu a gindin maɗaci yana kira, karnuka na cinyewa. Wata safiya aka duba sama ba a gan su ba, shi ke nan. Maɗacin kam ya tsira, yana nan har gobe, shaguna sun zo sun tsaya a gefensa, masu lemo da rake na cin inuwarsa. Allon ma yana nan, rana ta cinye rubutun, saura hoton.

Hajjo ba ta daɗe a hukumar ba bayan haka. Ta koma jami'a tana koyar da ilimin da ta karanta. Ɗalibanta suna cewa tana da faɗa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Duk shekara takan kwashe su a bas ta kai su Karshi, ta tsayar da su a gindin maɗaci, ta ba su labarin nan ba ta rage komai ba, har da kujerar gaba. Yawancinsu ba su taɓa ganin ungulu da rai ba. Wasunsu yanzu suna gandun daji a ƙarƙashin Meshach, wasu suna ƙungiyoyi, wasu kuma, to, banki.

Shekaru suka ja. Manniru ya rasu, Oga Nicholas ya yi ritaya ya koma Kafanchan kiwon kaji, Malam Bello ma ya ajiye tuƙi, gwiwa ta hana shi sakat, daga gida sai masallaci sai majalisar ƙofar gida. Wata ranar Asabar Hajjo ta zo da mota ta ce ya shirya za ta kai shi wani wuri. Ya nufi gaba, ta buɗe masa baya, inda Oga yake zama. Ya yi ta mita, amma ya shiga.

Kada ka tambaye ni inda suka je. Ban sani ba, kuma ko mijinta bai sani ba. Ba ta rubuta a rahoto ba, ba ta faɗa wa hukuma ba, ita da aikinta ke nan ta gani ta rubuta. An dai ce sun bar kwalta sun bi wata hanyar gona a bayan duwatsu, ta kashe mota nesa da wata doguwar bishiya, ta miƙa masa madubi ta taga. Ya ɗora a ido, ya nema, ya nema, sai ya tsaya cak. A tsakanin rassa ga tarin ƙirare, ga uwa a tsaye, ga wani ɗan kai mai furfurar gashi yana leƙowa yana buɗe baki.

"Kai!" in ji Malam Bello. "Tubarkalla, amma Allah ya yi mummunan yaro a nan." Ya goge ido da hannun riga, ya sake ɗora madubin. "Allah ya raya. Uwata, ja mota a hankali mu bar nan, kada wani ya gan mu ya ce za a yi biki."

Da la'asar ta sauke shi a ƙofar gida, 'yan majalisa na zaune a tabarma. Wani tsohon abokin tsokanarsa ya ɗaga murya ya ce, "A'a, Baban Mai Ungulu! Daga ina haka, har da zama a bayan mota?"

Kowa ya jira ya ga ya karkaɗe riga ya shige gida. Malam Bello ya jingina sandarsa, ya nemi wuri ya zauna a tsakiyarsu.

"Na'am," ya ce. "Barka muka je."

"Wa ya haihu?"

"Wasu mutanen Uwata ne. Ba ku san su ba."